Dokin Kara da 'Yar Tsana: Matsayin Wasa a Makarantun Renon Yara

 A wannan mako za mu ɗan jingine mas'alolin ciniki da na zakka, mu leƙa ajin 'yan shekara uku zuwa biyar, watau makarantun renon yara da ake kira nazare, waɗanda yanzu da wuya a sami unguwar da babu su a manyan garuruwanmu.

Abin da ya jawo maganar shi ne wani ƙorafi da ya yawaita a bakin iyaye. Mutum ya biya kuɗin makaranta da gumin goshinsa, ran nan ya ratsa ta makarantar, sai ya tarar ɗansa ya riƙe murfin tukunya yana murzawa wai shi direba ne, 'yarsa kuwa ta baje gwangwanaye tana sayar da yashi wai shinkafa. Sai ransa ya ɓaci, ya ce shi karatu ya kawo su, in don wasa ne ai akwai shi a gida kyauta. Masu makarantu kuma, saboda tsoron kada a kwashe musu yara, sai su tattara kayan wasan su kulle a sito, su cika jakar ɗan shekara uku da littattafan rubutu, har da aikin gida. Uba ya ga littafi ya sha jan biro ya ce madalla. Mu dai a ganinmu an saki reshe an kama ganye. Abin da ya fi damunmu kuma shi ne yadda wasu ke jingina wannan tsanani ga addini, suna cewa wasa shagala ce, Musulmi ba ya ɓata lokaci. Saboda haka bari mu fara da abin da ya zo a littattafan hadisi.

Buhari da Muslim sun ruwaito daga Uwar Muminai Nana A'isha, Allah Ya yarda da ita, cewa takan yi wasa da 'yan tsana a gidan Manzon Allah, tana da ƙawaye da ke zuwa su yi wasan tare. Idan ya shigo sai su ɓuya don kunya, shi kuwa sai ya riƙa turo su wurinta su ci gaba. A lura da kyau, shi da kansa ne yake maido da 'yan wasan. Abu Dawuda kuma ya kawo cewa wata rana ya dawo daga yaƙin Tabuka ko na Haibara, sai iska ta ɗage labulen ma'ajiyarta, ya hangi 'yan tsanan, a tsakiyarsu da wani doki mai fukafukai biyu na tsumma. Ya tambaye ta yaya aka yi doki ya sami fukafukai, ta kafa masa hujja da dawakin Annabi Sulaimanu, ya yi dariya har turamen haƙoransa suka bayyana. To, doki mai fukafukai dai babu wanda ya taɓa ganinsa a kasuwar Madina. A zuci aka ƙaga shi, aka ɗinka shi da tsumma, aka ƙulla masa labari. Amma mafi sanin Allah cikin bayinSa bai ce a jefar da shirme ba. Tambaya ya yi, irin tambayar da ke sa mai wasa ya ƙara tunani ya nemo amsa, kuma wannan ita ce babbar dabarar da ake koya wa malaman ƙananan yara a yau.

Nasa'i ya ruwaito cewa ya taɓa fitowa sallah ɗauke da ɗaya daga cikin jikokinsa, Hasan ko Husaini, ya tsawaita wata sujada har sahabbai suka zaci wani abu ya faru, ko kuwa wahayi ake yi masa. Da aka sallame sai ya bayyana musu cewa yaron ne ya mai da shi abin hawa, bai so ya gaggauta shi ba sai ya gama. Limami a cikin sallar jam'i ke nan, yana jiran yaro ya sauka daga raƙuminsa na wasa. Haka nan Rubayyi'u 'yar Mu'awwizu ta ba da labarin yadda matan sahabbai ke sa ƙananan 'ya'yansu azumin Ashura, su yi musu abin wasa na ulu, idan yaro ya fara kukan yunwa a miƙa masa har lokacin buɗa baki ya yi. Ashe tun a wancan zamani da wasa ake hora yara a kan ibada.

Malaman fiƙihu ba su wuce waɗannan hadisai ba tare da sun tsamo hukunci ba. Alƙali Iyal, Bamalike mai littafin Ashafa da muke saurare a watan azumi, wanda ya rasu a shekara ta 544 bayan Hijira, ya tafi a kan cewa an keɓe 'yan tsanan yara mata daga hanin da aka yi game da surori, domin da su ake koya musu sha'anin gida da renon 'ya'ya tun suna ƙanana. Ibnu Hajar ya naƙalto wannan a cikin Fathul Bari, ya ce Alƙali Iyal ya danganta shi ga mafi yawan malamai. Gaskiya ne akwai waɗanda suka ce an shafe wannan rangwame daga baya, akwai kuma malaman zamaninmu da suka fi natsuwa da 'yar tsanar tsumma wadda ba a fitar mata da cikakkiyar siffa ba, a kan ta roba mai ido da gashi kamar mutum. Wanda ya ɗauki wannan ra'ayi ya yi tsantseni, kuma bai yi hasarar kome ba, domin 'yar tsanar tsumma da ta kara su ne muka gada, kuma za mu ga nan gaba cewa sun ma fi amfani.

Ga wani labari da zai yi wa 'yan kasuwa daɗi. Mawardi ya faɗa a babin hisba na littafinsa Ahkamus Sulɗaniyya cewa a zamanin Halifa Muƙtadir, wanda ya yi mulki daga 908 zuwa 932 Miladiyya, an ɗora wa Malam Abu Sa'id Al'isɗahri, Bashafi'e, aikin hisba a Bagadaza. Ya tashi wata kasuwa da ake sayar da abin da aka fi amfani da shi wajen haɗa abin sha mai bugarwa, amma ya bar kasuwar kayan wasan yara tana ci, ya kafa hujja da 'yan tsanan Nana A'isha. Watau fiye da shekara dubu da suka wuce, a babban birnin Musulunci, akwai kasuwa sukutum ta kayan wasa, kuma mai hisba ya san da ita ya ƙyale ta. Imamu Gazali kuwa, wanda ya rasu a 505 bayan Hijira, ya yi gargaɗi a cikin Ihya'u cewa a bar yaro ya yi wasa mai kyau bayan ya taso daga makaranta, domin hana shi wasa da matsa masa da karatu kullum yana kashe masa zuciya, ya dushe masa basira, ya sa ya shiga neman dabarar gudun karatun baki ɗaya. Duk wanda ya taɓa jan yaro yana birgima a ƙofar makaranta da safe ya san abin da malamin yake nufi.

Akwai wata magana da ake yawan kawowa a nan, ta cewa a yi wasa da yaro shekara bakwai, a ladabtar da shi bakwai, a abokance shi bakwai. Ba mu kafa hujja da ita ba, domin malaman hadisi ba su tabbatar da ita daga Annabi ba. Abin da ya tabbata ya ishe mu: sallah kanta, ginshiƙin addini, sai yaro ya kai shekara bakwai aka ce a umurce shi da ita. To, wane dalili ne zai sa a ɗora wa ɗan shekara uku nauyin da Shari'a ba ta ɗora masa kwatankwacinsa ba?

Wani zai ce, shin yaron da ke cewa shi likita ne alhali ba likita ba ne, ba ƙarya muke koya masa ba? Tambaya ce mai kyau, domin Musulunci ya tsananta a kan yi wa yara ƙarya. Abu Dawuda ya ruwaito cewa mahaifiyar Abdullahi ɗan Amiru ta kira shi da alkawarin za ta ba shi wani abu, Manzon Allah ya tambaye ta me za ta ba shi, ta ce dabino, ya sanar da ita cewa da ba ta ba shi kome ba da an rubuta mata ƙarya. Amma ƙarya ita ce ka sa wani ya gaskata abin da ba haka yake ba. A wasan tuwon ƙasa kuwa, da mai tuƙawa da mai saye duk sun san ƙasa ce, shi ya sa ake kai loma kusa da baki a yi kamar an ci a ajiye. Masu binciken halayyar yara sun lura cewa irin wannan wasa yana farawa ne tun yaro yana wajen shekara ɗaya da rabi, kuma kafin ya kai shekara uku zuwa huɗu yana rarrabe wasa da gaske sarai. Inda ƙaryar take shi ne wurin babban da ke tsorata yaro da dodo, ko ya ce masa zai dawo yanzu da alewa alhali tafiyar mako guda zai yi. Wannan kam mun saba da ita har ba ma jin nauyinta.

To, mene ne yaro ke samu a cikin wannan wasa? Wani masanin ƙasar Rasha, Lev Vygotsky, ya yi bayani a kai a wata lacca da ya gabatar a 1933, kuma misalin da ya kawo kamar a ƙofar gidanmu ya gan shi: yaro ya hau sanda ya ce doki ne. Ya ce a wannan lokaci yaron ya yi wani babban tsalle a hankalinsa, domin ya raba ma'ana da abin da ido ke gani. Kara ne a hannunsa, doki ne a ransa. Idan muka duba, karatu ma haka yake. Alifi zane ne kawai na tawada a kan allo, sai an yarda cewa yana tsaye ne a madadin wani sauti sa'an nan ya zama harafi. Lamba biyar ma zane ce da ke wakiltar goro biyar ko awaki biyar. Yaron da ya saba mai da kara doki, murfin kwalba kuɗi, ya riga ya kama hanyar fahimtar cewa abu yana iya tsayawa a madadin wani. Daga nan ne za a gane dalilin da ya sa muka ce 'yar tsanar tsumma ta fi: motar batir da ke tafiya da kanta tana kuka ta gama wa yaro aikin, shi sai kallo, amma motar kara sai ya ƙera ta, ya yi mata ƙugi da bakinsa, ya yanke shawarar ko Kano za ta ko Zariya.

Abu na biyu da masanin ya lura da shi ya fi wannan ba da mamaki. Mu manya muna ganin wasa sakaka ne, alhali cike yake da dokoki. Yarinyar da ta zama uwa a wasa ba ta da ikon yin kuka ta yi birgima, sai ta lallashi 'yar tsanarta. Wanda ya zama liman tilas ya tsaya cik a gaba, mai gadi ba ya barin ƙofa, mai haƙuri a layin asibitin wasa sai an kira shi. Yaron da ba ya iya zama minti biyu idan an ce ya zauna, sai ga shi ya daɗe a tsaye don kada a ce ya ɓata wasa. A 2017 wasu masu bincike a Amurka sun buga sakamakon gwajin da suka yi da yara 'yan shekara huɗu da 'yan shekara shida. An ba su wani aiki mai gundura, aka ajiye musu wasa mai daɗi a gefe wanda suke da damar komawa gare shi. Waɗanda aka ce su ɗauki kansu a matsayin wani gwarzo na labaran yara, irin su Batman, sun fi sauran jimre wa aikin. Haƙuri da danne son zuciya ke nan, abin da muke ta wa'azi a kansa ga manya.

Sai dai kada mu wuce gona da iri. A 2013 Angeline Lillard ta Jami'ar Bajiniya da abokan aikinta sun bi diddigin binciken da aka yi a kan wannan fanni, suka ce hujjar da ke akwai ba ta kai a ce wasan kwaikwayon manya shi kaɗai ne ke haifar da basira ko ƙirƙira ba, wataƙila hanya ce ɗaya cikin hanyoyi. Ita ma Mariya Montessori, wadda ta buɗe makarantarta ta farko a birnin Rum a 1907, wadda kuma sunanta ke rubuce a allunan makarantu da yawa a garuruwanmu ko da masu su ba su taɓa karanta ta ba, ta fi son a ba yaro ƙaramar tsintsiya ta gaske ya yi shara ta gaske. Wannan ma ba baƙon abu ba ne a wurinmu, domin 'yar Bahaushe takan tashi daga tuwon ƙasa ta koma ɗan ƙaramin tukunyarta a gefen murhun uwarta. Amma a lura, babu ko ɗaya cikin waɗannan masana da ya ce a zaunar da ɗan shekara uku a benci yana kwafar abin da bai fahimta ba. Ita kanta manufar ilmi ta ƙasa da Nijeriya ta fitar a 1977 ta ambaci cewa a koyar da farkon lambobi da haruffa da launuka a wannan mataki ta hanyar wasa.

Da can ba mu bukaci makaranta ta tanadi wannan ba. Dandali yana nan, farin wata yana nan, ga kara a bayan gida bayan girbi. Yara mata suna aurar da 'yan tsanansu har da kai gara, maza suna hawan sallah a kan dokin kara. Idan azumi ya kai kwana goma a fita tashe, wannan ya zama mai magani, waccan ta sa riga da hula ta zama maigida, ana kwaikwayon manya ana yi musu hannunka mai sanda. Yau kuwa ɗan ma'aikaci yana bayan get a kulle, ɗan ɗan kasuwa yana bene, babu dandali, kuma rashin tsaro ya sa ba a barin yara su yi nisa. Abin da ya maye gurbin duk wannan shi ne wayar uwa. Saboda haka ajin nazare ya zama kusan wuri guda da ya rage wa yara da yawa inda za su haɗu da tsararrakinsu su ƙulla wasa. Idan muka kore shi daga can ma, ina ya rage?

Wannan ya kawo mu ga ranakun da makarantu kan ware su gayyaci iyaye, kamar ranar kasuwa, ranar al'adun gargajiya, ko ranar sana'o'i. Asalin abin yana da kyau ƙwarai. A ranar idi ne Habashawa suka yi wasa da māsu a masallacin Annabi, ya tsaya Nana A'isha tana kallo ta bayansa har sai da ta gaji don kanta. A ƙasashen Indunisiya da Malesiya makarantun renon yara sun saba shirya ranar koyon aikin Hajji, inda yara ke sa fararen tufafi, a yi musu kwatancen ɗawafi da sa'ayi da jifa, iyaye suna biye. Wasu makarantun Islamiyya a nan ma suna yi. Akwai malaman da ba su sake da yin siffar Ka'aba ba, saboda haka ya kamata makaranta ta shawarci malaman garinta, ta kuma fahimtar da yara cewa koyo ake yi, a kiyaye alfarmar abin.

Ranar kasuwa kuwa, ku 'yan kasuwa, taku ce. A ce mai sayar da hatsi ya rufe rumfa na awa biyu, ya zo da mudunsa na gaske, ya nuna wa yara yadda ake cika shi har ya yi tozo, ya gaya musu cewa Allah Ya saukar da sura guda da ta buɗe da narkon azaba ga masu tauye mudu. Sa'an nan ya durƙusa a gaban tiren 'yarsa ya taya, ta ce albarka, ya ƙara, ta sallama, ya tsaya sai ta ƙirgo masa canjinsa na murafun kwalba. A zama guda ta koyi ƙirga, ta koyi magana da baƙo, ta ga cewa sana'ar ubanta abin alfahari ce, ta kuma ji cewa amana tana cikin ciniki. Haka ma'aikacin asibiti, da tela, da direba, da malamin gona. Amma a yawancin irin waɗannan taruka iyaye mata ne ke cika kujeru, uba ya aiko da kuɗi ya ce yana da uzuri. Wanda ya fi kowa uzuri ya tsawaita sujada saboda jikansa.

Inda abin yake lalacewa shi ne idan ranar ta tashi daga ta yara ta koma ta nuna arziki. Sai a aiko da takarda a ce kowane yaro ya ɗinko kaya iri kaza, a biya kuɗin rumfa da na mai hoto da na kiɗa. A yi mako uku ana tilasta wa yara haddace abin da za su faɗa, ranar taro a jera su a rana suna kuka, iyaye suna ɗaukar hoto da waya. A nan yaron bai yi wasa ba, da shi aka yi wasa. Daga ciki har da bikin yaye 'yan nazare da riga da hula irin ta masu digiri, wanda nauyinsa ya kai ga a 2025 Gwamnatin Jihar Imo ta hana shi a makarantunta. Ma'auni mai sauƙi da za mu ba iyaye da masu makarantu shi ne su duba wa ke magana a ranar, wa ke zaɓen abin da zai zama, kuma nawa aka kashe. Kwali da tsofaffin zannuwa da gwangwanin madara sun isa a kafa kasuwa da asibiti da tashar mota a fili guda.

A kuma tuna da maraya, da ɗan wanda albashinsa bai kai ƙarshen wata ba, da yarinyar da iyayenta suka rabu. Idan an ce ranar uba ce, wani yaro zai zauna yana kallon ƙofa har a tashi. Gara a kira ta ranar iyali, a buɗe ta ga kaka da kawu da gwaggo da yaya, malamai kuma su san tun da wuri wane yaro ne babu mai zuwa dominsa, a sami wani dattijo cikin iyaye ya tsaya a gaban tirensa ya yi ciniki kamar kowa. Kayan da za a sa kuma makaranta ta tanade su a akwati guda na kowa da kowa, yadda ba za a gane ɗan mai shi da ɗan mara shi ba.